Na Goma a Cikin Guga

Da sunan Wanda ya ƙirga yashin duniya bai yi kuskure ba, ya san adadin gashin jikin kowace tunkiya. Ku gyara zama, ku da kuka ci kuka ƙoshi. Wanda bai ci ba ya haɗiye yawu ya saurara. Ni ne Nagoma ɗan Ilu na Rafin Kunkuru, guguwa mai ɗauke hular dattijo, ƙaiƙayi a wandon sarkin fawa. Na ga gabas na ga bayan gabas, na taka ƙasar da takalmi bai taɓa takawa ba. Abu biyu ne ban sani ba tun da uwata ta haife ni: ban san tsoro ba, ban kuma san lissafin da zai tsaya a gabana ya kwana ba.

To, an ce in za ka faɗi, faɗi gaskiya. Makaranta dai na yi ta, har aji uku. Ranar da malaminmu ya ce wai wani mutum yana da kaji kaza, muzuru ya ɗauke kaza, saura nawa, sai na ɗaga hannu na tambaye shi a wace unguwa mutumin yake, don mu je mu yi masa jaje. Bulala shida na sha, kuma daga ranar ban sake leƙa ajin ba. Batun tsoro kuwa, ku dakata, za ku ji.

Abin da ya fitar da ni daga garinmu ragon mai unguwa ne. Fari ne fat, ana jibi Sallah, ni kuwa shekarata arba'in da ɗoriya amma hannuna bai girma ba. Na bi da shi ta marina, na tsoma shi a baba. Rago ya fito shuɗi har ƙaho. Gari ya yi dariya, amma mai unguwa bai yi ba, 'ya'yansa bakwai ma ba su yi ba, kowanne da gorarsa. Na ce ƙafa, me na ci ban ba ki ba?

Tun da dai na riga na fito, sai na tuna fatake sun taɓa cewa can bayan gabas akwai wani birni da ake ciyar da masu ilimi nama sau uku a yini. Na ce ai ilimi a baki yake, baki kuwa ina da shi. Na miƙa.

Wata uku ina tafiya. Na ƙetare Kogin Rairayi, wanda yashi ne ke gudu a cikinsa kamar ruwa, a bayan wani kunkuru mai faɗin ɗaki. Na ratsa dajin da itatuwansa ke juya baya in mutum ya matso. Daga nan na faɗa Filin Gishiri: fari fat iyakar gani, ba itace, ba inuwa, ba ko kukan tsuntsu. A kwana na biyu ruwan gorana ya ƙare. A na uku, na ji taku a bayana.

Na waiwaya. Ungulaye ne guda uku, kowace ta kai raƙumi tsayi, wuyansu ja kamar an feɗe. Ba tashi suke yi ba. Tafiya suke yi a ƙasa, sannu a hankali, in na tsaya su tsaya. Sai na ji ɗaya ta ce wa babbar, da muryar mutane:

"Yaya, kina ganin zai kai la'asar?"

"Da wuya," in ji babbar. "Dubi yadda yake jan ƙafar hagu."

Ta ukun ta miƙo wuya har na ji warin numfashinta a ƙeyata, ta ce, "Bawan Allah, kada ka takura kanka. Mu ba sauri muke yi ba."

Jama'a, hantar cikina ta kaɗa. Amma bakin da ya saba tsokana ko a bakin kabari sai ya motsa. Na ce, "Iyayena, na yafe muku naman. Abu ɗaya ke damuna. Na san daɗin ungulu ido ne. Ku uku ne, idona biyu. Wace ce za ta haƙura?"

Babbar ta ce ita dai ba ita ba. Ta tsakiya ta ce ita ta fara hango ni. Kafin ka ce me, gashi ya turnuƙe sama, manyan biyu sun kaure da sara. Ƙaramar ta ga ba mai kallonta, ta cafki bayan rigata ta tashi da ni, wai ta ci idon biyu ita kaɗai. Ina lilo tsakanin sama da ƙasa, na rufe idon da ake faɗa a kansa, ina karanto duk abin da na iya, har da addu'ar shiga kasuwa. Rigar tsohuwa ce, Allah ya saka wa wanda ya saƙa ta da rashin ƙwari. Ta yage. Na faɗo tim a kan tulin toka, a bayan ganuwar wani birni da aka gina da kantun gishiri.

Ina kakkaɓe jiki sai ga wani mutum ya taho da sassarfa daga wajen ƙofar birnin, da babbar riga da rawani, da gafakar littattafai a rataye, yana tafe yana waiwaye. Na dubi tsummana, na dubi rigarsa. Na ce, "Allah gafarta Malam, wannan rigar tawa da kake gani mai tsari ce, ko ungulu ba ta iya riƙe ta. Da za ka yarda mu yi musaya..."

Ban rufe baki ba ya tuɓe. Ya naɗa mini rawanin da hannunsa, ya rataya mini gafakar, ya sa tsummana, ya yanki daji da gudu. Na yi ta dariya har da riƙe ciki, ina cewa yau na ga wawan malami.

A bakin ƙofa masu gadi suka tare ni da masu. "Wane ne kai?"

Na gyara rawani na ce, "Nagoma."

Suka dubi juna. Ɗaya ya saki mashinsa, ya ruga cikin gari yana ihu: "Na goma ya iso! Na goma ya iso!" Aka buga tambari. Mata suka leƙo ta kan katanga. Na ce lalle sunana ya riga ni zuwa. Abin da kawai ya ɗaure mini kai, ba mai guɗa, kuma wata tsohuwa da na wuce ta gabanta ta share hawaye ta ce, "Wayyo, ga shi da sauran ƙuruciya."

Wannan shi ne Birnin Kantu, kuma fatake ba su yi ƙarya ba. Aka kawo mini nama har na gaji da tauna. Da na wanke hannu sai wata dattijuwa doguwa, mai sanda, ta shigo. Sunanta Iya Tabawa, ita ce Magajiyar Rijiya. Ta ce, "Malam, taso ka ga wurin aikinka."

A tsakiyar birnin rijiyar take, ita kaɗai ce ruwan sha a duk faɗin Filin Gishiri. Faɗin bakinta ya kai masussuka. Wani sanyi ke fitowa daga ciki mai warin tsohuwar tawada. An gicciya gungume a kanta, a jikinsa an rataye wani ƙaton guga na fatar bijimi, wanda mutum zai zauna a ciki ya miƙe ƙafa. Na bi igiyar da ido don in ga inda aka ɗaure ta. Ba a ɗaure take da komai ba. Bakinta na lilo a iska, guga kuwa na tsaye.

A jikin bangon gefe akwai turaku goma. Tara kowanne da rawani a rataye. Na goma babu komai.

Iya Tabawa ta ce, "Sau ɗaya a shekara, ranar da rana ke tsayawa tsakar ka har mutum ya rasa inuwarsa, Rijiya takan yi tambaya uku. Lissafi ne, amma a cikin labari take naɗe shi. Ɗalibai take tambaya, ba malami ba. Malami yakan zauna cikin guga. In ɗalibai sun amsa duka, ta cika har baki. In sun kuskure ɗaya, igiya ta saki kanta." Ta nuna rawunan da sandarta. "Tun da tsohon malaminmu ya rasu shekara tara ke nan ba a amsa ba. Kowace shekara ruwa na ƙara nisa. Kai ne na goma. Saura kwana goma sha biyu."

Sai wata murya ta taso daga can ƙasa, ba murya ɗaya ba, muryoyin maza tara ne a haɗe, wani na tari, wani na rawar murya:

"Sannu da zuwa, na goma."

Ban san lokacin da na tsuguna ba. Ashe wawan malamin da na yi wa dariya shi ne aka gayyato, ya zo bakin ƙofa ya ji labari ya juya. Na daure na ce, "Iya, a misali, in wani ya sa rawani alhali ba malami ba ne, me kukan yi masa?"

Ta dube ni tun daga rawani har yatsun ƙafa. Ta ce, "Irin wannan ba ma jiran ranar, nan take muke zurara shi."

Na ce ai dama don ƙarin sani na tambaya.

Kashegari da sassafe na zaga bayan gari neman hanyar gudu. Ƙofa ɗaya ce, an kuma rufe ta. Na hau kan ganuwa na leƙa. Ga ungulayen nan uku a zaune a ƙasa, sun shirya. Babbar ta ɗago kai ta ce, "Mun daidaita, bawan Allah. Ƙaramarmu ce za ta haƙura." Na sauko da sauri.

Makarantar wata rumfa ce kusa da rijiya. Yara iyayensu sun janye su, don duk yaron da ya ga an zurara da malaminsa ba ya sake cin abinci da daɗi. Manya uku ne suka ba da kansu. Akwai Tunau mahauci, ƙato mai muryar ganga. Akwai Baba Shekarau, tsohon mai gadin ƙofa, kunnensa ɗaya ya mutu, ɗayan yana jinya. Sai Ladingo, mai saƙar faifai, mace siririya mai 'ya'ya biyu, wadda ita ce bara ta ba da amsar da ta tafi da malami na tara. Tun daga ranar ba ta iya kallon mutum a ido.

Na zauna a kan buzu, na buɗe wani littafi daga gafaka, ina fatan ba a kife na riƙe shi ba. Na ce, "Bari in gwada ku. Bakwai sau takwas?"

"Hamsin da shida!" su ukun gaba ɗaya.

Na gyaɗa kai kamar na sani. Na jefa musu wasu manya-manya, suna amsawa kafin in rufe baki. Na ce a raina, to waɗannan ai sun fi ƙarfina, me ya cinye mutum tara?

Tunau ya ce, "Allah gafarta Malam, lamba tsirararta ba ta ba mu tsoro. In ta sa riga ce muke ɓata. Da an ce wani makiyayi, ko wata mata ta je rafi, sai kaina ya ɗau zafi."

"Me malamanku suka koya muku?"

Suka miƙe tsaye suka rera, Baba Shekarau na bin baya da kalma ɗaya:

"In ka ji ƙara, ka tara.
In ka ji saura, ka ɗebe.
In ka ji kowane, ka ninka.
Kada ka tsaya sauraron labari."

Na ce waƙa ta yi daɗi. Na tambayi abin da Rijiya ta tambaya bara. Can Ladingo ta ce, kanta a ƙasa, "Cewa ta yi, kura ta cinye wa makiyayi awaki huɗu, saura bakwai, nawa ne awakinsa tun farko. Na ji saura. Na ɗebe huɗu daga bakwai. Na ce uku." Ta dubi wajen rijiya. "Ina ji Malam yana kiran sunana har muryar ta ɓace."

Suka zuba mini ido su ukun, suna jiran in faɗi amsar gaskiya. Ni kuwa wallahi da ni aka tambaya uku zan ce. Gumi ya keto mini a ƙarƙashin rawani. Ba abin da nake so illa in ja lokaci har a kira azahar. Sai na koma ga sana'ar da na iya, wato wasa.

Na ce, "Kai Tunau, kai ne kurar."

"Ni, Malam?"

"Dubi bakinka mana. Baba, kai ne makiyayi."

"Wa ya yi rantsuwa?" in ji Baba Shekarau.

"Makiyayi!" Tunau ya daka masa a kunne.

Na sa aka kwaso takalman masu wucewa, na ce su ne awaki. Tunau ya durƙusa ya yi kukan kura, ya cusa takalma huɗu a cikin rigarsa. Na ce a bar bakwai a gaban Baba, tunda bakwai aka ce sun saura. Baba ya ɗora hannu a ka yana kururuwar awakinsa, har da kiran sunayensu. Mutane suka taru a bakin rumfa, wasu na dariya a ɓoye, don an daɗe ba a yi ta ba a wannan wuri. Ni dai ina ta ƙara wa wasa gishiri don kada a dawo kan tambaya. Na ce, "To, makiyayi ya kama kura! Amayo su, ɓarauniya!" Baba ya rafka wa Tunau sanda da gaske. Tunau ya zazzage takalma huɗu a kan bakwai.

Sai na ji wata 'yar murya a bayana. "Goma sha ɗaya."

Ladingo ce. Ta tsura wa takalman ido, hannunta a baki. "Malam, goma sha ɗaya ne. Bakwai ɗin ai bayan ɓarna ne. Tun farko har da na cikin kura."

Na sa hannu cikin riga na ƙirga a yatsu, na ara ɗaya daga ƙafa. Haka ne kuwa. Na yi gyaran murya na ce, "Abin da nake jira ki gani ke nan da idonki."

Daga ranar muka bar waƙa. Kowace tambaya da suka tuna daga shekarun baya sai mun mai da ita wasa. Na kafa musu doka uku, ba don na san amfaninsu ba sai don suna cin lokaci: a maimaita labarin da bakin kai kamar ana ba maƙwabci, a nemo abin da zai tsaya a madadin kowane abu, tsakuwa ko takalmi ko mutum, sa'an nan a tambayi kai, shin me ma ake nema? In suka ce, "Malam, daidai ne?" sai in ce, "Kai me ka gani?" Suka ɗauka zurfin ilimi ne. Tunau ya zama raƙumi, ya zama kwale-kwale, ya zama matar aure mai tuluna. Baba Shekarau yakan ce a sake faɗa masa sau uku saboda kunne, sai ga shi ya fi kowa kama labari.

Amma kullum in muka tashi sai na bi ta gaban turakun nan. Wata rana na tarar an goge na goma, an shafa masa mai. Abinci ya daina wuce mini. Ko da rana tsaka, in iska ta kaɗo daga rijiya, sai in ji kamar ana karanta wani abu can ƙasa da muryoyi tara, a tsaya, a sake daga farko.

Ranar ta zo. Tun hantsi duk birnin ya taru, ba mai magana. Iya Tabawa ta kafa sandarta a ƙasa, muna kallon inuwarta tana guntulewa har ta shige ƙarƙashin sandar. Ta ce, "Malam, rawani." Ta karɓa ta rataye a turke na goma. Mutum huɗu suka ɗaga ni suka sa a guga, suka tura shi tsakiya.

Kada Allah ya nuna muku abin da na gani da na leƙa. Duhu ne mai motsi. Can ƙasa ƙwarai wani abu na ƙyalli, ban sani ba ko ruwa ne ko idanu. Fatar gugan ta yi santsi saboda zaman mutum tara, a gefenta kuma ga sawun farce.

Muryoyin suka taso. "Mahauci. An kawo tuluna goma sha biyu bakin rijiya. Kowace mace ta ɗauki uku, ba a bar ko ɗaya ba. Mata nawa ne?"

Na ga leɓen Tunau ya fara rera tsohuwar waƙa, in ka ji kowane. Na rufe ido. Sai na ji ƙarar tsakuwa. Ya durƙusa ya jera goma sha biyu, ya yi rangwaɗa irin ta mata ya kwashi uku, ya koma ya sake rangwaɗa ya kwashi uku. Ba wanda ya yi dariya. Ya miƙe ya ce, "Huɗu."

Guga bai motsa ba.

"Tsoho. Kaza na kwance a kan ƙwai. Aka ƙara mata uku, suka zama goma sha ɗaya. Nawa ta tarar da kanta a kai tun farko?"

"A sake faɗa," in ji Baba Shekarau. "Ban ji ba."

Jama'a suka ja numfashi. Ba a taɓa ce wa Rijiya ta sake ba. Igiya ta yi ƙara, guga ya zurara kamu ɗaya, na ƙwala salati. Amma ta sake faɗa. Baba ya tsuguna kamar kaza, ya tara tsakuwa goma sha ɗaya a ƙarƙashin rigarsa, ya zaro uku ya ce, "Waɗannan na aro ne, ku koma gidanku." Ya ƙirga sauran. "Takwas."

Guga bai motsa ba. Na fara jin ƙamshin duniya.

"Mai faifai." Wannan karon murya ɗaya ce ta yi magana, siririya mai rawa. Na ga Ladingo ta yi baya kamar an mare ta, na gane muryar malami na tara ce. "Igiya ce mai ƙulli goma. Ƙulli na farko a wannan baki, na ƙarshe a wancan baki. Tsakanin kowane ƙulli da mai bi masa, tsawon gaba biyu ne. Gaba nawa ce igiyar?"

Jama'a, a duk rayuwata ba a taɓa yin lissafin da amsarsa ta faɗo mini nan take ba sai wannan. Goma, biyu-biyu. Ashirin! Har wani sanyi na ji a raina. Na dubi Ladingo. Ta ƙame. Ba ta ɗauki tsakuwa ba, ba ta motsa ba, idonta na kan rijiya. Igiya ta yi ƙara. Guga ya zurara kamu ɗaya, ya sake zurara. Bakin rijiya ya zo daidai ƙirjina, sa'an nan daidai haɓata. Sanyi ya kama ƙafafuna kamar an riƙe su da hannu.

Sai na ga ta ɗaga hannayenta biyu a gaban fuskarta, ta ware yatsu, babban yatsa na kallon babban yatsa. Na ce shi ke nan, addu'ar gawa take yi mini.

In na faɗi amsa da baki, na san ƙarshena. Amma ba a hana malami tari ba. Na fara. Ƙoho, ɗaya. Ƙoho, biyu. Ina yi ina ƙirgawa, ina zare mata ido ta saman bakin rijiya, rijiyar kuma na mayar mini da kowane tari sau tara. Na yi har maƙogwarona ya yi jini-jini. Ita kuwa tana ta bin yatsunta da ido, tana sunkuyar da kai a tsakaninsu ɗaya bayan ɗaya. Guga ya sake zurara. Yanzu sama kawai nake gani, da kawunan mutane a gefe.

Daga can sama na ji muryarta, a shaƙe. "Ashirin..."

Wani daɗi ya ɗebe ni, na manta inda nake. Na miƙe tsaye a cikin guga na kama igiya, na leƙo da kaina ina ihu: "Ashirin! Ta ji tarina! Ni na ba ta, jama'a, ni na ba ta! Goma sau biyu, ashirin, ko a barci aka tashe ni!"

Ladingo ta haɗiye yawun da ya tsaya mata. Ta ƙarasa.

"...ba biyu."

Ba ta ko dube ni ba. Ta ɗaga yatsunta sama don kowa ya gani, muryarta ta fara ƙarfi. "Ashirin ba biyu. Ga ƙulli goma, yatsuna. Amma ba ƙulli ake aunawa ba, tsakani ake aunawa. Ku ƙirga tsakanin yatsu: huɗu a nan, huɗu a nan, ɗaya a tsakiya. Tara ne. Tara sau biyu, goma sha takwas."

Ina tsaye a guga, bakina a buɗe, ashirin ɗina na maƙale a ciki.

Sai ƙasa ta yi gurnani. Wani ruri ya taso daga can ƙasa, iska mai sanyi ta bugo ni, na tsuguna na rufe kai ina jiran mutuwa. Ruwa ne. Ya taho yana tafasa fari, ya daki gindin guga ya ɗago ni, ya yi ta hawa har ya malalo ta bakin rijiya ya jiƙa ƙafafun mutane. Mata suka ɓarke da guɗa, maza na faɗawa cikin ruwa da riguna. Tunau ya ɗaga Baba Shekarau sama kamar ɗan akuya. Ni kuma ina yawo a tsakiya cikin guga, ina fatan murna ta sa an manta da abin da na faɗa.

Iya Tabawa ta buga sandarta sau uku. Aka yi shiru.

Ta fuskanci rijiya ta ce, "Uwar ruwa, ɗaliba ta amsa. Amma duk mun ji malami ya yi satar amsa, da bakinsa ya faɗa. Hukuncinsa naki ne. Ki ɗauke shi ko mu miƙo shi?"

Ruwan da ke kewaye da guga ya fara juyawa a hankali. Na ji wani abu ya shafi fatar gugan daga ƙasa, ya zagaya, kamar mai shinshina tukunya. Na riƙe numfashi. Can muryoyin tara suka taso, kuma wallahi dariya suke dannewa.

"Satar amsa sai wanda ya san amsa. Ashirin ya ce, tarin kuma da ya yi ashirin da uku ne, mun ƙirga. Ni abin da ke cikin kan malamai nake sha. Wannan na leƙa, ƙwarya ce a kife. Ku kwashe abinku."

Ruwa ya tunkuɗo guga bakin rijiya, ya juye ni a gaban jama'a, jiƙe sharkaf, ba rawani, ba takalmi ɗaya. Birni guda ya zuba mini ido. Ladingo ta rufe baki da gefen mayafinta, kafaɗunta na rawa.

Baba Shekarau ya kama kunnensa mai jinya ya matso. "Me ta ce? Tunau, me Rijiya ta ce game da Malam?"

Tunau ya cika ƙirjinsa da iska, ya sa baki a kunnen tsoho, ya faɗa da muryar da na tabbata har ungulayen bayan ganuwa sun ji:

"Ta ce Malam bai iya ko ƙirga tarinsa ba, Baba!"